Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Martani Kan Ƙaura da Tankin Kifin Ruwan Gishiri

Rubutun da ya fito a wannan shafi kan yadda ake tashi da tankin kifin ruwan gishiri zuwa sabon gida, a kuma juye shi cikin wanda ya fi shi girma, ya yi daɗin karatu, kuma duk wanda ya karanta zai gane Malam marubucin yana ƙaunar kifayensa. Sai dai shawarar da ya bayar, in mutum ya bi ta sau da ƙafa, tana iya sa ya wayi gari da kifaye a kife da murjani ya yi fari fat. Abu ne da ya shafi rai da dukiya, har ma da lafiyar mutanen gida, don haka shiru bai dace ba.

Matsayinsa, in an tattara shi da adalci, abubuwa huɗu ne. Ya ce tsohon ruwa shi ne ran tanki, don haka a ɗura shi a jarkoki kaf, kada ɗigo ya zube. Ya ce a kwashe yashin ƙasa yadda yake a juye cikin sabon tanki ba tare da an wanke ba. Ya ce tunda duwatsu sun fito fili, dama ce ta samu ta goge su da buroshi da ruwan zafi su yi tas. Daga ƙarshe ya ce aikin duka na yini guda ne, kuma tunda sabon tanki yana da fili, a ranar ma ana iya ƙaro sababbin kifaye don kada ya zama wayam. Wato dai ya riƙe abin da ya fi sauƙin musanyawa da hannu biyu, ya kuma kankare abin da ba a samunsa sai an yi haƙurin makonni.

Sanin abin da ke raya tanki shi ne mabuɗin maganar. Kifi yana fitar da amoniya ta inda yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci su ruɓe su ƙara wata. Amoniya guba ce. Abin da ke hana ta taruwa shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Tun a 1890 masanin nan Sergei Winogradsky ya tantance waɗannan halittu a birnin Zurich. Abu biyu aka sani game da su da suka rushe hujjar Malam. Na farko, manne wa abu suke yi: jikin dutse da ramukansa, ƙwayar yashi, soson matata, bangon gilashi, cikin bututu. Waɗanda ke yawo a ruwa ba su taka kara sun karya ba. Ko da masana suka ware wata halitta mai cin amoniya, Nitrosopumilus maritimus, a 2005, daga tsakuwar ƙasan wani tankin ruwan gishiri na gidan kifin Seattle suka samo ta. Na biyu, haihuwarsu a hankali take. Bakteriyar da ke lalata abinci kan ninka kanta cikin mintuna, su kuwa waɗannan sai su kwashe kusan kwana guda kafin su ninka sau ɗaya. Shi ya sa sabon tanki ke ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ya kama.

Malam ya kwatanta tsohon ruwa da ɗan tsohon nonon da ake zubawa cikin madara don ta yi kindirmo. Kwatancin ya yi armashi, amma bai zauna ba. A nono, irin yana cikin abin da aka zuba. A tankin kifi kuwa irin yana jikin ƙwarya, kuma ƙwaryar ce ya ce a kankare da ruwan zafi.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane haka. A 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana yadda yake raya murjani da kifi da duwatsun teku masu rai da kumfar iska kawai, ba tare da wata matata ba. A shekarun 1970 masu kiwo a Jamus, cikinsu har da Peter Wilkens, suka kafa abin da ake kira tsarin Berlin: dutse mai rai, haske mai ƙarfi, da na'urar kumfa mai tsame datti. Yawancin tankunan murjani na gidaje a yau a kan wannan tubali suke. A cikinsu dutsen shi ne matatar. Wanda ya bar shi ya bushe a kwandon mota, ko ya watsa masa ruwan zafi, ya kashe matatarsa, sannan ya mayar da ita tushen guba, domin soson teku da tsutsotsi da sauran ƙananan halittun da suka mutu a ramukan dutsen za su ruɓe su saki amoniya a daidai lokacin da babu mai cinye ta. Soson teku ma, iri-iri daga cikinsa, iska kaɗai in ta shige masa ta isa ta kashe shi.

Lissafi ma bai goyi bayan Malam ba. A ɗauka mutum zai tashi daga tanki mai lita 200 zuwa mai lita 500. Ko da ya yi nasarar ɗura jarka takwas masu lita 25 ba tare da ya zubar da komai ba, lita 300 na sabon tankin sabon ruwa ne. In da a ruwa ran tanki yake, da duk wanda ya ƙara girman tanki ya kashe shi. A zahiri masu kiwo suna zubar da wani kaso na tsohon ruwa da gangan duk mako biyu ko duk wata, domin a cikinsa naitiret da fosfet ke taruwa, su ne kuma abincin gansakuka.

Ban ce tsohon ruwa ba shi da amfani ba. Yana da shi, kuma nan Malam yana da gaskiya: a cikinsa ya kamata kifi da murjani da dutse su yi tafiya, kuma zuba wani ɓangarensa a sabon tanki yana rage wa halittun girgizar canji. Amma amfaninsa yana cikin awonsa, wato yawan gishiri, zafi, ma'aunin pH da alkaliniti. Duk waɗannan ana iya haɗa su daidai a sabon ruwa. Ruwan teku yana da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, wanda ma'aunin nauyi ke nuna 1.025 zuwa 1.026. Zafin da murjani ke so 24 zuwa 27 ne a ma'aunin Salshiyas, pH kuma wajen 8.1 zuwa 8.3. In sabon ruwa ya yi daidai da tsoho a waɗannan, kifi ba ya bambance su. Ruwan da ya cancanci jarka shi ne na sama, mai tsabta, wanda aka zuƙe kafin a taɓa komai. Na ƙarshen da ya gurɓace bayan an ɗaga duwatsu, kwata ce wurinsa.

Batun yashi ya fi haɗari. Gaskiya ne saman yashi cike yake da bakteriya masu amfani. Amma yashin da ya shekara biyu ko uku a kwance, musamman mai zurfi, ƙasansa babu iskar oksijin. A can datti ya taru, a can kuma wasu bakteriya ke samar da iskar haidirojin salfaid, mai warin baragurbi, wadda takan mayar da yashin baƙi. Muddin yana kwance ba a taɓa shi ba, abin yana binne. Ran da aka sa cebur aka juya shi cikin bokiti, na ƙasa ya dawo sama, halittun sama su shaƙe su mutu a ƙasa, sannan a juye wannan haɗin cikin sabon tanki tare da kifayen da tafiya ta riga ta galabaitar. Hanyar da ta fi lafiya ita ce sabon yashi wankakke, a yayyafa masa kofi biyu ko uku na saman tsohon don iri. In kuɗi bai kai ba, a wanke tsohon a bokiti har ruwan ya fito garau, a kuma ɗauke shi a matsayin yashin da babu rai a cikinsa. Duwatsun sun isa su riƙe tankin.

Shawarar goge dutse da ruwan zafi kuwa, ita ce wadda nake roƙon Malam ya janye a fili, domin ta wuce maganar kifi. Wasu murjani masu laushi na dangin Palythoa, waɗanda sukan tsiro a jikin dutse ko mai tanki bai saya ba, suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a halittu. Tana shiga ta ƙujewar fata, ta ido, ta kuma numfashi in ta bi tururi ko feshi. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton abin da ya faru a Anchorage ta jihar Alaska a watan Agustan 2014: an juye kilo 32 na murjani mai rai cikin wani tanki mai lita 758 a wani gida, mutanen gidan da ba su ne suka yi aikin ba suka kwana suka tashi da ciwo da wahalar numfashi, har aka dangana da asibiti. Wannan juyewa ce kawai. Buroshi da ruwan zafi su ne hanya mafi sauri ta tayar da gubar cikin iska. Ranar ƙaura ana sa safar hannu da tabarau, a buɗe tagogi, a fitar da yara, a bar dutse cikin ruwansa.

Sai maganar yini guda. Jigilar kanta tana iya zama ta yini guda, har ma ana so ta gajarta. Shirin ne ba ya yiwuwa a yini guda. Tanki mai lita 500, ruwansa kaɗai ya haura kilo 500. In aka haɗa da gilashi, dutse, yashi da mazauninsa, ana maganar kilo 700 ko fiye, nauyin buhun siminti 14 a kan ɗan fili kaɗan. Dole a duba ƙasan ɗakin, musamman a bene. Dole a daidaita mazaunin da ma'aunin magina, domin tankin da ya karkata yana matsa wa gam ɗin kusurwa ɗaya har wata rana ya saki. Dole a cika shi da ruwan daɗi a bar shi kwana biyu a ga ko yana yoyo. Sannan a tace ruwa, domin na famfo yana iya zuwa da kulorin, na burtsatse da ma'adinan da murjani ba ya so. Na'urar tace ruwa ta gida a hankali take ɗiga, lita ɗaruruwa sai ta kwashe kwanaki. A narkar da gishiri wajen kilo 18 zuwa 20, wanda aka haɗa musamman don tankin teku, a bar injin yana juya shi aƙalla kwana guda, a kunna hita, a auna, a sake aunawa. Wanne daga cikin waɗannan za a yi yayin da kifi ke jira a bokiti?

Manyan gidajen kifi, da ma'aikatansu da kuɗinsu, ba sa yin wannan gaggawa. Gidan kifin Steinhart na San Francisco, wanda aka buɗe a 1923, ya tashi daga tsohon gininsa a ƙarshen 2003 ya koma mazaunin wucin gadi a titin Howard. A can aka yi shekaru ana renon murjanin da zai shiga babban tankin sabon gini, mai zurfin mita 7.6 da ruwa wajen lita 800,000. An rufe wurin wucin gadin a farkon 2008, ba a buɗe sabon ginin ba sai ƙarshen Satumba. Girman ba ɗaya ba ne da na falon gida, amma ƙa'idar ɗaya ce: masauki yana jiran baƙo a shirye. Wanda bai samu makullin sabon gida da wuri ba, akwai mafita mai sauƙi. Babbar roba mai tsabta, irin wadda ake kiwon tarwada a ciki, da hita da injin juya ruwa, za ta riƙe dutse da kifi kwanaki har a gama kafa tankin a natse.

Tunda an ambaci tarwada, akwai gargaɗi ga waɗanda suka saba da ita. Tarwada tana haɗiyar iska daga sama, shi ya sa take jure cunkoso da gurɓataccen ruwa. Kifin murjani ba shi da wannan baiwa, kuma ruwansa tun asali iskarsa kaɗan ce: a zafin 25, lita guda ta ruwan daɗi tana riƙe miligiram 8 da ɗoriya na oksijin, ta ruwan teku ba ta kai 7 ba. A bokiti rufaffe cikin mota mai zafi, iskar kan ƙare tun kafin amoniya ta yi aikinta. Anna Thynne, wadda ta ɗauko murjani daga Torquay ta kai Landan a 1846 ta kuma raya shi shekaru, da sheƙa ruwan tsakanin kwano da kwano don ya sha iska ta yi nasara. A yau ɗan injin iska mai batir ya wadatar, kuma rubutun Malam bai ambace shi ko sau ɗaya ba. Bai kuma ambaci wuta ba. Mutumin da zai kwana daren farko a gidan da ba a haɗa janareta ko inbata ba, ya san cewa awa kaɗan na tsayuwar injin ruwa sun isa su gama da tankin.

Tsarin ranar kansa ba shi da wuya. A daina ba kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya don kada ya ɓata ruwan bokiti. A zuƙe ruwa mai tsabta tukuna. A fitar da murjani, kowanne a ledarsa ko robarsa don kada su harbi juna. A fitar da duwatsu a nutsar da su cikin bokitai masu murfi, soson matata ma haka. Kifi shi ne na ƙarshe, domin kama shi a tsakanin duwatsu wahala ce gare shi da mai kamun. Masu faɗa a raba su. A sa su cikin kula don zafi ya tsaya, a cikin mota inda mutane ke zama, ba a but ba. Tsohon tankin kuma kada a ɗaga shi da ruwa ko jiƙaƙƙen yashi a ciki, ko na ɗan taki ne, domin gilashin ƙasa da gam ba a yi su don lilo ba. In an isa, dutse ya fara zama a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, saboda kifaye masu haƙa kada su rushe ginin.

Abu na huɗu, ƙaro kifi a ranar, shi ne inda girman tanki ke ruɗin mutane. Na yarda ruwa mai yawa yana tsarma guba: kifayen da ke lita 200 in suka koma lita 500, amoniyarsu za ta hau a hankali. Amma yawan bakteriya da yawan abincinsu yake tafiya. Duwatsun da suka zo suna ɗauke da adadin da ya dace da tsoffin kifaye, an ma rasa na yashi da na bangon tsohon gilashi. Sababbin duwatsun da aka ƙara don cika fili busassu ne, babu kowa a jikinsu. Wato a makon farko matatar ta ragu, Malam kuma yana cewa a ƙara mata kaya. Ga shi ruwan gishiri ba ya yafiya a nan: duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya, kason amoniya mai kisa yana ninkawa kusan sau goma, don haka adadin da kifin ruwan daɗi zai jure a 7.2 ya zama ajali a 8.2. Bayan wannan akwai cuta. Baƙon kifi yakan zo da ƙwayar Cryptocaryon mai sa fararen ɗige-ɗige a jiki, kuma kifin da ƙaura ta raunana shi ne farkon kamuwa. Sabon kifi wurinsa tankin killacewa na makonni, a kowane lokaci, balle a wannan.

Haske ma haka. Sabon tanki yakan zo da sabuwar fitila mai ƙarfi. Murjani yana rayuwa ne da wasu ƙananan tsirrai da ke cikin namansa, kuma in haske ya yi masa yawa farat ɗaya sai ya kore su ya yi fari. A fara da rabin ƙarfi, a riƙa ƙarawa cikin makonni.

Na san amsar da za a ba ni: Malam ya yi yadda ya faɗa, kuma babu abin da ya mutu. Ban ƙaryata shi ba. Tanki ƙarami mai wata shida, da yashi ɗan siriri da kifi uku, a tafiyar minti ashirin, yana iya tsallake kusan kowane kuskure. Amma shawarar da aka buga don kowa dole ta yi aiki ga mai tankin shekara biyar, mai yashi mai zurfi da murjanin da ya tara a hankali. Tsira sau ɗaya ba hujja ba ce, awo shi ne hujja. Duk wanda ya yi ƙaura ya auna amoniya kullum na mako biyu, ya rage abinci, ya ajiye haɗaɗɗen ruwa a gefe don canjin gaggawa, ya kuma bar tankin wata guda ko fiye kafin ya yi tunanin sabon kifi. Ƙurar gansakuka mai ruwan ƙasa da za ta rufe sabon yashi a makonnin farko ba abin tsoro ba ce, takan wuce da kanta.

Roƙona ga Malam biyu ne. Ya janye maganar ruwan zafi da buroshi a wannan shafi da ya buga ta, domin wani yana iya aikata ta a kicin da yara a kusa. A kan sauran ukun kuwa, in har yanzu yana kan bakansa, ya kawo mana awon amoniya da naitirait na kwanaki goma sha huɗu bayan ƙaurarsa, da shekarun yashinsa da zurfinsa, mu duba tare. Kafin nan, mai karatun da motar kaya ke jiransa a ƙarshen wata ya fara haɗa ruwa tun yau, ya tanadi bokitan dutse kafin jarkokin ruwa. Allah Ya sa a tare lafiya.